BIN SAWUN KAKANMU DA YA BAR GIDA YA SHIGA SOJA

Jawabin da aka gabatar a ranar Bikin Cika Shekara Hamsin na Ikkilisiya

 

Tarihin ginin majami'a da sunayen waɗanda suka yi hidima a cikinta suna nan a waɗansu shafuna na wannan littafi, saboda haka ba za mu maimaita su ba. Mu wani gefe za mu ɗauka. Waɗanda suka karanta Littafin Firistoci sura 25 sun sani shekara ta hamsin a wurin Isra'ilawa shekarar komowa ce, bawa ya koma wurin danginsa, gona ta koma hannun mai ita. To, a gidaje da yawa na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram akwai mutum guda wanda har wa yau bai komo ba. Ya fita yana saurayi, aka ji ƙishin-ƙishin ya shiga soja, daga nan labari ya yanke. A wani gida kakan uba ne, a wani gida wan kaka ne ko ƙanensa. A wani gidan kuwa ya komo ɗin, ya tsufa, ya rasu, amma ba wanda ya zauna ya tambaye shi inda ya je. Tun da yake kowane gida da sunan da yake kiransa, mu a nan za mu ce da shi Kaka kawai.

Abin da muke so mu nuna shi ne, sawun Kaka bai shafe ba. Rabinsa yana bakin tsofaffinmu, rabinsa yana cikin takardun Turawa, ba a dai haɗa su ba ne. Takarda tana iya jira. Tsofaffi kuwa ba za su jira ba, gama yaron da ya shiga soja yana da shekara 18 a 1943, yau ya kai shekara ɗari, 'ya'yansa ma sun yi furfura.

Bari mu fara da abin da ya fitar da shi. Matasanmu sun tashi sun tarar da Jihar Jigawa, wadda aka kafa ran 27 ga Agusta 1991, sai su ga kamar haka abin yake tun fil'azal. A'a. Birnin Kudu da Gwaram ƙasar Kano ce, kuma a zamanin da bakin daga ce. Wajen 1846 Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa saboda rigimar haraji, suka shige duwatsun Ningi, suka haɗa kai da mutanen dutse. Tun daga lokacin har zuwan Turawa kudancin Kano bai huta ba. Ningawa su kawo hari, Kanawa su kai ramuwa, musamman a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi da Ɗan Maje na Ningi. Talaka shi ne a tsakiya. Kowane ɓangare ya ci nasara, mutane yake kamawa, wanda aka kama kuwa kasuwa ce makomarsa. Waɗansu aka yi arewa da su ta hamada, waɗansu aka yi kudu da su ta Bida da Ilori har ƙasar Yarbawa.

Idan Kaka na wannan zamani ne, ga hanyar da ya kamata a duba. A 1861 Ingilishi suka karɓe Ikko, watau Legas, bayi kuwa suka riƙa gudowa daga hannun iyayengijinsu suna fakewa a can. A 1863 wani hafsan sojan ruwa mai suna John Glover ya tara waɗansu daga cikin waɗannan gudaddun bayi 'yan arewa, ya ba su bindiga da kaki, aka riƙa ce da su Hausawan Glover. Sojan Nijeriya na yau daga wannan 'yar ƙaramar runduna yake ƙirga asalinsa. Ku dubi abin da kyau: mutum an raba shi da garinsu, ba gona, ba dangi, ba mai tsaya masa, sai ga wanda ya ce zai ba shi abinci da albashi, kuma ba mai iya sake kama shi. Wa zai ƙi? Da yaƙi ya tashi tsakanin Ingilishi da Ashanti, waɗanda fatakenmu suke kira Tonawa, a 1873 da 1874, aka kwashi waɗannan Hausawa a jirgin ruwa zuwa Gwalkwas, ƙasar da ake kira Gana yanzu. Da yawa ba su komo ba. A 1879 aka kafa wa Gwalkwas tata rundunar da irin waɗannan mutane, suka yi aure, suka haifu, suka zauna a zangon Ankara da sauran garuruwa.

Akwai abu mai ɗaci a nan wanda bai kamata mu tsallake ba. A 1897 aka ɗora wa Lugga aikin kafa rundunar tsaron iyakar Afirka ta Yamma, wadda Turawa suke taƙaita sunanta WAFF. Wannan runduna ce ta fasa Kano ran 3 ga Fabrairu 1903 a ƙarƙashin Kanar Morland, sa'ad da Sarki Alu ba ya gari, ta ci Sakkwato a watan Maris, ta gama da Burmi a watan Yuli. Turawan da ke ciki 'yan kaɗan ne. Masu riƙe da bindigogin baƙaƙen fata ne, da yawansu kuwa Hausa suke ji. Watau dai wanda aka fitar da igiya a wuya, ko ɗansa, shi ne ya komo da bindiga a kafaɗa. Ba mu ce a yi masa kirari ba, gama an zubar da jini, an ƙone garuruwa, kuma talakawa sun sha wuya a hannun soja. Ba mu kuma ce a tsine masa ba. Wanda zai bi sawun kakansa sai ya shirya zuciyarsa tun daga gida, domin ba lalle ne abin da zai tarar ya zama abin alfahari duka ba.

Bayan zuwan Turawa fita ba ta tsaya ba, sai dai ta sake kama. Yanzu da ƙafarsa saurayi yake tafiya. Haraji ya zama na tsabar kuɗi, kuɗi kuwa ba ya tsiro a gona, sai a tafi cin rani. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta watsa gidaje da yawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tafiya ta yi sauƙi. Ga kuma tsohuwar hanyar fatauci ta Gwanja, wadda iyayenmu suke bi su kai kanwa da tufafi su sayo goro a Salaga, daga baya a Kumasi. Wannan hanya ba tatsuniya ba ce, ita ce Alhassan Ɗantata ya bi ya zauna a Gwalkwas kafin ya komo Kano ya shahara da cinikin gyaɗa. Amma ba kowa ne Ɗantata ba. Wani jarinsa ya karye a can, kunya ta hana shi komowa hannu wofi, sai ya ji ana buga ganga ana neman kurata, ya shiga layi. Wannan shi ne mutumin da ya fi wuyar samu, domin gida ana nemansa a Nijeriya, alhali kuwa sojan Gwalkwas ya shiga, takardunsa suna Ankara.

Yanzu mun zo kan babban abin da ya ɓatar da Kaka, watau suna. Muna roƙo a kasa kunne a nan.

Ranar da kurtu ya tsaya gaban magatakarda, ba a tambayarsa sunan kakanninsa. Sunansa ɗaya ake ɗauka, sa'an nan a liƙa masa sunan gari ko na kabila. Shi ya sa idan ka duba jerin sunayen sojojin wancan zamani za ka ga Kano, Katsina, Zariya, Bauci, Sakkwato, Hausa, Fulani, Moshi, sun cika shafi kamar duk 'yan gida ɗaya ne. Sojan da tarihi ya ce shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingilishi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ƙasar Togo cikin Agusta 1914, sunansa a takarda Alhaji Grunshi, Grunshi kuwa sunan kabila ne a arewacin Gana. Haka shahararren samanja Chari Maigumeri, sunan wani gari ne a Barno yake ɗauke da shi. To, mutumin Birnin Kudu ko Gwaram, idan Bature ya tambaye shi daga ina, me zai ce? Zai faɗi sunan da Bature ya sani. Sai a rubuta Kano. Wanda ƙauyensu yake hayin iyaka ta wajen Ningi ko Katagum, a rubuta Bauci ko Katagum. Ƙauyen da aka binne cibiyarsa bai shiga cikin sunan ba ko kaɗan.

Ba a nan abin ya tsaya ba. A bariki kowa Bahaushe ne. Hausa ce harshen fareti, har hafsoshin Turawa sai sun ci jarrabawarta, kuma daga nan ne aka sami irin gurɓatacciyar Hausar nan da ake kira Barikanci. Bawarje, da Babarbare, da Bazabarme, da mutumin dutse, duk Hausa aka rubuta su. Da yawa daga cikin waɗanda ba Musulmi ba sukan ɗauki sunan Musulmi a ƙofar bariki, ko domin kada a raina su, ko domin kada ubangida ko mai bin bashi ya gano su. Saboda haka Bamaguje wanda uwarsa take kira Nomau ko Tanko yana iya zama Musa ko Audu a littafin soja. Ga kuma kunnen magatakarda: Garba ya koma Garuba, Audu ya koma Awudu, Mamman ya koma Mama ko Momo. Gida suna da sunan gaskiya ba su da takarda, bariki suna da takarda ba su da sunan gaskiya. Abu ɗaya ne tak ba ya canzawa, shi ne lamba. Za mu komo kanta.

Yaƙin farko ba za mu daɗe a kansa ba. Rundunar Nijeriya ta yaƙi Jamusawa a Kamaru daga 1914, Garwa ta faɗi a 1915, dutsen Mora bai miƙa wuya ba sai Fabrairu 1916. Daga ƙarshen wannan shekara aka kai su Afirka ta Gabas, ƙasar da take Tanzaniya yanzu, inda yunwa da cuta suka yi musu ɓarna ƙwarai, aka kuma yi mummunan karo a Mahiwa cikin Oktoba 1917. Chari Maigumeri da muka ambata, wurin Jamusawa ya fara soja. Aka kama shi a Garwa, daga baya ya shiga rundunar Nijeriya, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, ya bar aiki a 1953 da girmamawar muƙamin kyaftin, barikin Lakwaja kuwa sunansa yake ɗauke da shi. Shi an san sawunsa domin ya yi girma. Dubbai da suka tsaya a layi ɗaya da shi ba su sami wannan gata ba.

Yawancinmu dai Kakan da muke nema na yaƙin Hitila ne, wanda tsofaffi suke kira yaƙin Bama. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero aka yi shi. Neman kurata ta hannun En'e yake biyowa, daga Sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, dagaci kuwa ya san gidan da zai nuna. Waɗansu sun tafi da son ransu, domin kaki, ko albashi, ko koyon tuƙin mota. Waɗansu kuwa tura su aka yi, kuma mun san ba 'ya'yan masu ƙarfi ake fara turawa ba. Daga nan sai wurin horon kurata, wanda babbansa yake Zariya tun 1924.

Kashin farko sun tafi gabas, suka kori Italiya daga Somaliya da Habasha. Sojan Nijeriya suna cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a Fabrairu 1941, shi ya sa kuke jin wannan suna a barikokinmu. Amma babban kwasa a 1943 aka yi, sa'ad da aka kafa manyan runduna biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka haɗa 'yan Nijeriya da na Gwalkwas da Saliyo da Gambiya domin yaƙar Japan. Ku yi tunanin yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi kogin garinsu ba, a sa shi a jirgi a Ikko, ya yi makonni ba ya ganin ƙasa, ya sauka a Bombai ta Indiya. Daga can aka wuce da su yammacin Bama, yankin Arakan da kwarin kogin Kaladan. Ƙasa ce ta duwatsu da kurmin gora, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya wata da watanni, ga sauro, ga matsattsaku, ga atuni. Mota ba ta shiga sai inda suka sare hanya da hannunsu. Abinci da harsashi daga jirgin sama ake jefo musu. Abin da ya sa Turawa suka ga amfaninsu a wannan wuri shi ne, akwai rukunoni na musamman na 'yan dako waɗanda suke ɗaukar kayan yaƙi a ka, su hau inda alfadari ba ya hawa. Idan an ce muku Kaka bai yi harbi ba, kaya ya ɗauka, kada ku ji kunya. Ba domin wuyansa ba, da igwa ba ta kai bakin daga ba.

Bataliya uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, an ware su aka haɗa da mayaƙan Janar Wingate da ake kira Chindit, waɗanda aka sauke da jirgin sama a bayan abokan gaba a 1944. A Janairu 1945 rundunonin nan biyu suka haɗu suka ci Myohaung, tsohon babban birnin Arakan. Yaƙi ya ƙare a Agusta 1945, amma jirage sun yi ƙaranci, da yawa ba su ga gida ba sai 1946.

Ga wani abu da zai taimaki mai bincike. Sunayen wuraren da suka yi yaƙi suna nan a gabanmu kullum, ba mu lura ba. Barikin Dodan na Legas, inda shugabannin ƙasa suka zauna har aka koma Abuja a 1991, ba daga kalmar dodo aka samo shi ba, sunan wani fagen fama ne a Bama. Haka Arakan da Tamandu da Myohaung a Legas, da Letmauk a Badun, da Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya. A Ankara ma babban bariki Burma Camp ake ce da shi. Idan wata tsohuwa ta tuna Kaka yana yawan ambaton wata baƙuwar kalma mai kama da ɗaya daga cikin waɗannan, a rubuta ta yadda ta faɗa. Wannan kalma tana iya nuna rundunar da yake ciki, gama Kaladan ta 81 ce, Tamandu da Dalet da Letmauk kuwa ta 82.

Da aka sallame su, kowa ya kama gabansa. Wani ya komo ƙauye da akwatin ƙarfe da bargo da 'yan kuɗin sallama, ya iya karatun boko wanda ya koya a bariki, yana karanta wa mutane Gaskiya Ta Fi Kwabo. Wani ya ga ba zai iya komawa ƙarƙashin dagacin da ya tura shi ba, ya tsaya a Kano ko Kaduna ko Jos, ya zama ɗan doka, ko direba, ko mai gadi. Wanda ya shiga daga Gwalkwas can aka mayar da shi. Alkawaran da aka yi musu na aiki da fansho ba su cika yadda suka zata ba. Ran 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano a Ankara za su kai kuka wurin Gwamna, aka harbe uku, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, tarzomar da ta biyo baya kuwa tana cikin abubuwan da suka gaggauta mulkin kan Gana a 1957. Sa'an nan a Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Mutanen zango da yawa suka kwararo Nijeriya, waɗansu ba su san ko sunan ƙauyen ubansu ba, suka zauna inda mota ta ajiye su. Yana yiwuwa jikokin Kaka suna Legas ko Kano shekara da shekaru, su ba su san mu ba, mu ba mu san su ba.

To, yaya za a yi? A fara daga gida, kuma a fara da mata. Goggo da inna su ne suke riƙe da abin da maza suka manta. A tambaye su sunansa na yanka da na wasa da laƙabinsa, da sunan uwarsa, da irin tsagar da ke fuskarsa, domin takardar shiga soja takan bayyana tsawon mutum da alamun jikinsa. Kada a tambayi tsohuwa shekara da lamba, ba haka take ƙirga ba. A tambaye ta wane hakimi ne a kan gado, kafin wace yunwa ne ko bayanta, wa aka haifa a daminar da ya tafi, da wa suka tafi. Wannan tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci, gama samari ba su cika tafiya ɗai-ɗai ba, kuma watakila gidan abokin tafiyarsa sun adana abin da ku kuka rasa.

Sa'an nan a buɗe akwatin nan da ke ƙarƙashin gado, idan gara ta bar wani abu. Abin nema shi ne littafin sallama, da kowace takarda mai hatimi, da lambobin yabo. A lura da bambancin nan: lambobin yabo na yaƙin farko akan buga sunan mutum da lambarsa da rundunarsa a jikinsu, a gefe ko a baya, sai a goge a hankali a duba. Na yaƙi na biyu, irin su Tauraron Bama da Tauraron Afirka, yawanci ba suna a jiki, sai dai su nuna inda mutum ya je. Lambar soja ta yaƙi na biyu idan ta fara da NA ta Nijeriya ce, idan ta fara da GC ta Gwalkwas ce. Waɗannan haruffa biyu kaɗai sun isa su gaya muku ko Kaduna za ku fuskanta ko Ankara.

Idan ana zaton ya mutu a yaƙi, akwai hukumar da take kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen Kwamanwel, ta sa sunayen da take da su a intanet, kuma dubawa kyauta ne, kowane yaro mai waya zai iya. A gwada suna ta kowace fuska da muka faɗa, a haɗa da Kano, a haɗa da Bauci. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai kaburburan mutanenmu, akwai kuma bango mai sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, 'yan Afirka ta Yamma suna ciki. Na yaƙin farko akwai duwatsun tunawa a Zariya da Lakwaja da Kalaba da Badun, akwai kuma a Kumasi. Amma rashin ganin suna ba shi ne shaidar cewa mutum bai yi yaƙi ba. A 2021 ita hukumar da kanta ta fitar da rahoto ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka da suka mutu a yaƙin farko, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, alhali Bature ko farabiti ne sai an kafa masa dutse. Gwamnatin Ingila ta nemi gafara a kan haka. Mun ji, amma gafara ba ta komo da suna.

Wanda yake da hali ya taka zuwa Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin Lardin Kano suke, har da rahotannin gundumomi na zamanin Di'o. A leƙa ofishin Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1964. A Ingila, a gidan takardu na Kew, akwai littattafan da kowace bataliya take rubuta abin da ya faru kowace rana. Ba safai suke ambaton ƙaramin soja da suna ba, amma idan kun san bataliyarsa za ku san inda ya kwana da ranar da aka yi karo. Na Gwalkwas kuwa, akwai gidan takardu a Ankara, da gidan tarihin soja a tsohuwar ganuwar Kumasi. Amma mu a ganinmu, kafin a je ofis a fara zuwa wurin Sarkin Zango da dattawansa, gama mutanen zango sun san asalin junansu fiye da kowane fayil. Kada kuma mu manta da namu littattafan, na baftisma da na aure da na jana'iza, domin a nan ne kaɗai wani lokaci za a ga sunan gida da sunan bariki a layi ɗaya.

Gargaɗi biyu. Kada kowa ya ba da ainihin takarda ko lambar yabo ga wanda ya zo da zancen wai za a karɓo kuɗi daga Ingila. A ɗauki hoto da waya, ainihin ya zauna a gida cikin leda. Na biyu, idan Allah ya sa aka sami zuriyar Kaka a Kumasi ko Nima ko Agege, mai yiwuwa ne a tarar Musulmi ne, mai yiwuwa Hausarsu ta sha bamban da tamu, mai yiwuwa kuma suna zaton gado kuka zo nema. A je da goro da ladabi, a ce zumunci ne ya kawo mu, gama jininmu ne.

Dattawan ikkilisiya sun yarda a buɗe littafi na musamman domin wannan aiki, yana hannun Sakatare. Kowane gida da yake da irin wannan Kaka, ko ya komo ko bai komo ba, ya zo a rubuta sunayensa duka, da ƙauyensa, da lambarsa idan akwai, da sunan tsohon da ya ba da labari. Maƙwabtanmu waɗanda ba 'yan ikkilisiya ba, idan suna so, a rubuta nasu. Muna roƙon shugabannin matasa su raba kansu biyu-biyu da zarar an gama girbi, su fara da tsofaffin da suka fi rauni, su ɗauki muryarsu a waya, sa'an nan su rubuta a takarda, domin waya takan lalace.